Me ya sa bokitin roba ya daina ƙarko, kuma ko matatar Dangote za ta sauya lamarin a Kano?

Idan mutum ya taso daga Hotoro da sassafe, ya biyo ta Tarauni ya ɓulla Gyadi-Gyadi, da wuya ya yi taku ashirin bai ga roba ba. Butoci a jere a ƙofar masallaci, jarkokin 'yan garuwa a cikin kura, bokitin mai koko, kujerun haya da aka jibge bayan biki, tabarmar mai shayi, silifa a ƙafar almajiri, ga kuma tankin ruwa a saman bene.

Kaso mai yawa na waɗannan kaya ba daga ƙetare ya zo ba. A nan Kano ake yin su, a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da Dakata da na kan titin Haɗeja. Daga nan 'yan sari su kwashe zuwa Kasuwar Ƙofar Wambai da ta Sabon Gari, wasu kuma a ɗaure su a saman manyan motoci zuwa Maraɗi da Damagaram da ƙasar Chadi.

Sai dai akwai ƙorafin da kusan kowace uwargida ta san shi: robar yanzu ba ta ƙarko. Bokiti ya yi wata biyu sai hannunsa ya tsinke ko gindinsa ya tsage. Kujera ta kwana uku a rana sai ƙafarta ta karye da baƙo a kai. Kuɗin ya ƙaru, ingancin ya ragu.

A watan Maris na 2025 matatar man Dangote da ke Legas ta fara samar da folifurofilin, wanda 'yan kasuwa ke taƙaita sunansa da PP, wato nau'in robar da ake yin bokiti da kujera da buhu da shi. Mutane da dama sun ɗauka kukan masana'antun roba ya ƙare ke nan. Labari ne mai daɗi, babu shakka. Amma ɗanyen kaya ɗaya ne daga cikin abubuwa uku da bokiti ke tsaye a kansu, sauran biyun kuwa, wuta da mol, har yanzu suna nan inda suke.

Yadda ake yin bokiti

Ɗanyen kayan roba yana zuwa ne a buhu mai kilo 25. Idan aka buɗe, ƙananan ƙwayoyi ne farare masu kama da takin zamani na yuriya. Daga man fetur ko iskar gas ake samo su.

Injin da ke mayar da su bokiti shi ne injin ɗura. Sunan ya dace da aikinsa, domin ɗura ce ta gaske, kamar yadda ake ɗura wa ɗan tsako magani.

Ana zuba ƙwayoyin a wani babban mazurari da ke saman injin, a haɗa da 'yan ƙwayoyin kala. Daga nan su gangara cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da aka naɗe da hita. A cikin bututun akwai dogon ƙarfe mai murɗe, irin wanda ke tura tumatir a injin markaɗe. Yana juyawa yana tura ƙwayoyin gaba, zafin hita da gogayya suna narkar da su. PP yana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165 a ma'aunin Selshiyos, amma a cikin injin sai an kai shi sama da digiri 200 kafin ya yi laushin da ake so.

Idan narkakkiyar robar ta taru daidai awon bokiti guda, sai murɗaɗɗen ƙarfen nan ya daina juyawa ya danno gaba kamar sirinji, ya ɗura ta ta wani ɗan ƙaramin rami zuwa cikin mol.

Mol shi ne zuciyar aikin. Dunƙulen ƙarfe ne da aka raba biyu, aka sassaƙa siffar bokiti a tsakaninsu, ɓangare ɗaya ya yi ciki, ɗaya ya yi waje. Saboda ƙarfin ɗurar, injin kan matse ɓangarorin biyu da ƙarfin da ake aunawa da ɗaruruwan tan, in ba haka ba robar ta fito ta gefe. A jikin mol akwai hanyoyin ruwan sanyi. Robar na daskarewa sai mol ya buɗe, bokiti ya faɗo, ma'aikaci ya ɗauke ya gyare gefensa da wuƙa, mol ya sake rufewa. Mafi yawan lokacin ma a jiran sanyin nan yake tafiya.

Duk mai son ganin shaida, ya kifa bokitin gidansa. Zai ga wani ɗan tabo a tsakiyar gindin kamar cibiya. Ta nan aka ɗura robar.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt ne ya yi rajistar injin farko da ɗan'uwansa a 1872, sai kuma James Watson Hendry ya fito da mai murɗaɗɗen ƙarfe a 1946, wanda shi ne tushen injinan yau. Shi kansa PP a 1954 masanin kimiyyar nan na Italiya Giulio Natta ya haɗa shi.

Ba kowace roba ake yi da ɗura ba. Abin da yake da ciki da ƙaramin baki, kamar jarka da galan da gora da yawancin butoci, hura shi ake yi: a sako narkakkiyar roba kamar hannun riga, mol ya kama ta, a busa iska ta kumbura ta manne da jikinsa. Bututun ruwa da leda da zaren buhu da karan tabarma kuwa matso su ake yi ta wani rami babu tsayawa, kamar taliya 'yar murji. Tankin ruwa kuma garin roba ake zubawa a cikin mol, a riƙa juya shi a cikin zafi har garin ya narke ya lulluɓe cikinsa.

Sana'ar da ba ta son tsayawa

Lissafin wannan sana'a a fili yake. Inji na da tsada, mol na da tsada, amma da zarar an kafa su, kowane bokiti ba ya cin komai sai roba da wuta da ɗan ladan ma'aikaci. A ce inji na fitar da bokiti ɗaya a daƙiƙa 30. Guda 120 ke nan a awa, kusan 2,900 a kwana guda idan bai tsaya ba. Ribar da ke kan kowane ɗaya ƙarama ce, yawan ne ke biyan kuɗin injin.

Shi ya sa masana'antun roba ke aiki dare da rana, ma'aikata na karɓa-karɓa. Kuma shi ya sa ɗauke wuta ya fi yi musu ciwo fiye da tela ko mai walda.

Idan aka ɗauke wa tela wuta, ya jira a kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Injin ɗura ba haka yake ba. Wuta na ɗaukewa robar da ke cikin bututu za ta fara daskarewa. In an dawo da ita sai an sake ɗumama injin, a fitar da robar da ta lalace, sannan kayan farko da za su fito galibi masu naƙasa ne, sai a mayar da su injin niƙa. Idan PVC ce a ciki, wadda ake yin bututu da wasu takalma da ita, lamarin ya fi muni, domin in ta daɗe a cikin zafi tana ƙonewa ta fitar da iska mai cin ƙarfe. Wutar da ke zuwa tana rawa ma ɓarna take yi wa na'urorin sarrafa injin.

Wato mai masana'antar roba ba yawan awannin wuta kaɗai yake nema ba. Wuta yake nema wadda ba ta yankewa.

Duka uku a shekara biyu

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Makonni biyu bayan haka Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga masana'antar da ke sayen ƙwayoyin roba da kala da kayan gyara da dala, wannan na nufin jarin da ke sayen kwantena uku a da ya koma da ƙyar yake sayen ɗaya.

Sai kuma wuta. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. An ɗan rage daga baya, amma bai sauko ƙasa da 200 ba a shekarar. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN har kotu ta je a kan batun. A watan Oktoban shekarar kuma Kano da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu. Duk masana'antar da ta yi aiki a kwanakin nan, da man dizal ta yi.

Na uku shi ne iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta rufe iyakarta da ƙasar bisa takunkumin ECOWAS, ba ta ba da umarnin buɗewa ba sai a Maris na 2024. Ga Kano, Nijar ba maƙwabciya ce kawai ba, kasuwa ce. Abin lura a nan shi ne faɗuwar naira ta sa kayan Kano sun yi araha a hannun mai sefa, wato lokacin da ya kamata a fi cinikin waje shi ne lokacin da hanya ta toshe.

A cikin gida kuwa mai saye ya talauce. Magidancin da ke fama da kuɗin masara ba zai biya ninki uku a kan bokiti ba.

Inda ƙarkon ya tafi

Idan kuɗin yin kaya ya ninka kuma ba za a iya ɗora wa mai saye duka ba, a jikin kayan ake cire bambancin. Hanyoyin sanannu ne a wannan sana'a ko'ina a duniya.

Ta farko ita ce rage nauyi. A yi mol mai siririn jiki, sai kilo guda na roba ya fitar da bokitai fiye da na da. Girman na nan, launin na nan, naman ne ya ragu.

Ta biyu ita ce ƙara garin farar ƙasa. Ana haɗa shi da roba a matsayin ciko domin ya fi ta araha nesa ba kusa ba. Kaɗan daga cikinsa ba laifi ba ne, yana ma ƙara wa kujera tauri. In ya yi yawa sai kayan su yi gautsi. Kuma yana yaudarar mai saye, domin garin ya fi roba nauyi: mutum ya ɗaga kujera ya ji ta da nauyi ya ce mai kyau ce, alhali dutse ya saya.

Ta uku ita ce tsallake sinadaran kariya. PP ba ya shiri da hasken rana. Idan ba a sa masa maganin da ke kare shi ba, sai ya koɗe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa alli, sannan ya karye. A gari irin Kano, inda bokiti da kujera ke wuni a tsakar gida a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta huɗu, wadda ta fi kowacce girma, ita ce tsohuwar roba.

'Yan jari-bola, ma'adinan Kano

Yaron da ke bin lungunan Hotoro da buhu a kafaɗa yana tsintar fasassun robobi, shi ne matakin farko na wata babbar harka. Daga hannunsa kayan kan je wurin mai sikeli, a auna a biya shi. Daga nan a ware su, galibi mata ne ke wannan aiki, a niƙa su a inji su zama ɓarɓashi, a wanke, a shanya. Wasu su sayar haka, wasu su narkar su mayar da shi ƙwayoyi. Ƙarshenta dai masana'anta zai koma ya sake zama bokiti ko silifa ko fo na yara.

Wannan harka tana ciyar da gidaje masu yawa, kuma tana rage wa magudanan ruwa nauyin da hukumar kwashe shara ta REMASAB ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba. Ƙasashen Turai dokoki suke kafawa don tilasta wa kamfanoni amfani da tsohuwar roba. A Kano tsadar dala ce ta yi wannan aikin.

Matsalar tana wurin warewa. Roba ba iri ɗaya ba ce. Akwai alamar lamba a cikin kusurwa uku da aka fara amfani da ita a Amurka a 1988: 1 ita ce PET ta gorar ruwa da lemo, 2 ta jarka, 3 PVC, 4 ta leda, 5 PP, 6 kuma irin ta farar robar zuba abinci mai kama da soso. Kowacce da zafin da take narkewa, kuma yawancinsu ba sa haɗuwa da juna, kamar ruwa da mai. Masu warewa na da dabarunsu. PP da robar jarka suna tasowa a saman ruwa, PET da PVC suna nutsewa. Ƙwararru kan gane iri ta ƙarar da roba ke yi in an ƙwanƙwasa ta. Amma ko yaya aka yi sai wani iri ya kutsa cikin wani, kuma duk inda baƙon ɓarɓashi ya zauna a jikin bokiti, nan ne zai fara tsagewa.

Ban da haka, duk lokacin da aka sake narkar da PP ƙarfinsa na raguwa. Robar da ta zaga sau huɗu ko biyar ba za ta yi kamar sabuwa ba.

Akwai kuma batun da ya wuce na ƙarko. Tsohuwar roba na iya kasancewa galan ɗin maganin feshi ne, ko na baƙin mai, ko gidan batirin mota, wanda shi ma da PP ake yin sa kuma ya zauna da dalma, ko jikin tsohuwar talabijin da aka sa wa sinadarin hana kamawa da wuta. Idan irin wannan ta zama kwandon shara ko bokitin kwaɓa siminti, babu damuwa. Idan ta zama kofin shan kunu mai zafi ko robar tuwon yara, magana ta canza. Baƙin launi shi ne ke ɓoye duk wani gauraye, shi ya sa kayan da aka yi da tarkace suka fi fitowa baƙaƙe ko masu duhu.

Bai kamata a yi wa masu masana'antu kuɗin goro ba. Akwai masu yin kaya na ƙwarai, akwai masu raba na abinci da na shara. Amma a kasuwar da mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da marar kyau sai farashi, mai araha ne ke korar mai inganci. A nan ne aikin hukumar kula da ingancin kaya ta SON yake, kuma a nan ne aka fi jin shirunta. Tilasta buga lambar nau'in roba da sunan kamfani a gindin duk wani mazubin abinci ba abu ne mai tsada ba, sassaƙa ce kawai a jikin mol.

Abin da Dangote ya kawo

Kafin 2025, kamfanin Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, wanda ya sayi masana'antar daga gwamnati a 2006, shi ne babban mai samar da ƙwayoyin roba a cikin gida. Bai isa ba. Ƙungiyar MAN ta ce Najeriya na buƙatar kimanin tan 250,000 na PP a shekara, kuma kashi 90 cikin 100 daga waje ake shigo da shi. Matatar Dangote ta ce za ta iya samar da tan 830,000 a shekara, wato fiye da ninki uku na buƙatar ƙasar.

Amfanin wannan ga ɗan masana'antar Sharaɗa a bayyane yake. Ba sai ya nemi dala a banki ba, ba sai ya jira jirgin ruwa na makonni ba, ba sai kayansa sun kwana a tashar Apapa ana lissafa masa kuɗin ajiya ba. Ƙaramin mai inji biyu da ba zai iya odar kwantena ba zai iya sayen abin da jarinsa ya kai.

Amma samuwa daban, araha daban. PP haja ce ta duniya, farashinta na bin na ɗanyen mai. Kamfanin da zai iya sayar da kayansa a waje da dala, kuma tuni ya ƙulla yarjejeniyar fitarwa da kamfanin Vinmar na Amurka, ba shi da dalilin karyar da shi a gida. Sannan PP ba shi ne duka ba: robar jarka da leda wani nau'i ne daban, PVC kuma galibi daga waje take zuwa, haka kala da sinadaran kariya.

Akwai kuma nisa. Tsakanin Legas da Kano kimanin kilomita 1,000 ne, a kan tirela mai shan dizal. Masana'antar da ke Ota ko Agbara a jihar Ogun tana kusa da matatar, kuma da dama a yankin suna samun iskar gas ta bututu suna yin wutarsu. Idan ɗanyen kaya ya wadata ga kowa, wanda ya fi samun wuta mai araha shi zai ci kasuwa. Abin da ke kare Kano har yanzu shi ne kayan roba iska ce ta fi yawa a cikinsu: tirela cike da tankuna ko jarkoki ba ta ɗauki wani nauyi ba, amma kuɗin motar na nan. Ya fi sauƙi a kawo buhunan ƙwayoyi Kano a yi kayan a nan. Sai dai wannan kariya ba ta da ƙarfi a kan bokiti da kujera da kofi, waɗanda ke shiga cikin juna a jera su ɗari-ɗari.

Shi ya sa bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020 kuma aka sha ɗage ranar kammala shi, ya fi muhimmanci ga masana'antun roba na Kano fiye da yadda ake zato. Tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023 da ƙaramar tashar madatsar Tiga taimako ne, amma injin da ke aiki da tsakar dare ba rana yake jira ba.

Mol: gwanintar da ba a gida take ba

Ko da an samu roba an samu wuta, saura abu guda da ba a cika maganarsa ba.

Yawancin injinan ɗura da ke aiki a Najeriya daga Asiya suke, musamman China, inda kamfanin Haitian na birnin Ningbo yake cikin mafiya girma a duniya. Wannan ba abin kunya ba ne, ƙasashe ƙalilan ne ke ƙera irin injinan. Mol ne abin dubawa. Gundumar Huangyan da ke birnin Taizhou na China ta yi suna a duniya da sassaƙa mol na kujera da bokiti da kwando. Can da Indiya da Taiwan ake aika oda, a biya da dala, a jira watanni.

Mol ɗin kujera shi kaɗai nauyinsa tan-tan ne. Da na'ura mai aiki da kwamfuta ake sassaƙa shi, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba na iya sa roba ta riƙa tsiyaya ta gefe. In ya yi kyau zai fitar da kaya dubu ɗaruruwa kafin ya gaji.

Wanda ke da ikon yin mol shi ke da ikon fito da sabon kaya. Wannan ne dalilin da ya sa rumfunan 'yan robobi suka cika da abu iri ɗaya: kowa bokiti, kowa baho, kowa kujera, ana ta karya wa juna farashi. Ga kwandon ɗaukar tumatir da zai maye gurbin na gargajiya da ke matse kaya tsakanin Kadawa da Legas, ga kayan ban-ruwa na manoman rani, ga kayan gyaran Adaidaita Sahu, ga akwatin mitar wuta da soket, ga kayan asibiti. Duk aikin injin ɗura ne, duk akwai kasuwarsu a Arewa. Amma ƙaramin ɗan kasuwa ba zai zuba miliyoyi a mol ɗin da sai an yo shi daga China don gwaji kawai ba.

Ba wai Kano ba ta da hannu ba ne. Garin da ke da maƙera tun kafin zuwan Turawa, da masu zubin tukwanen alminiyam, da masu injin gyaran ƙarfe da ke sassaƙa kayan mota, bai rasa tushen wannan sana'a ba. Akwai masu gyaran mol da masu yin ƙanana. Manyan kamfanoni irin su rukunin Lee, na iyalin nan 'yan asalin China da suka daɗe a Najeriya tun shekarun 1960 kuma suka yi suna da silifa, sun horar da ma'aikata masu yawa a kan injina. Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar NILEST da ke Samaru a Zariya suna koyar da ilimin roba. A Tarauni kanta, a Farm Centre, akwai cibiyar renon fasaha ta gwamnatin tarayya.

Abin da babu shi ne wurin da zai haɗa waɗannan: bita guda mai na'urorin sassaƙa na zamani da wuta tsayayya, inda mai inji biyu a Dakata zai kai zane a yi masa mol da naira, ɗalibin kwalejin fasaha kuma ya koyi aikin da hannunsa. Kuɗin kafa irin wannan wuri bai kai na gadar sama guda ba, kuma Kano ta nuna ta iya gina gadoji.

Dokar da ke tafe

Masu harkar na kuma sa ido a kan Legas. Jihar ta haramta farar robar zuba abinci a Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yulin 2025 ta fara aiwatar da haramci a kan wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Gwamnatin tarayya ta hana amfani da irinsu a ma'aikatunta tun 2024. A matakin duniya kuwa taron Busan na ƙarshen 2024 da na Geneva a Agustan 2025 duk sun watse ba a cimma yarjejeniyar rage gurɓatar roba ba.

Idan irin dokar Legas ta iso Kano, masu leda da cokalin roba za ta fi taɓawa, ba masu bokiti da kujera ba. Hasali ma mai yin kaya masu ƙarko riba zai ci, domin duk ledar da aka hana, wani mazubi mai daɗewa ne zai maye gurbinta.

Kafin nan, mai saye a Kasuwar Tarauni na da 'yan dabarun da za su rage masa asara. Ya kifa kayan ya duba gindi: in akwai sunan kamfani da lamba 5 ko 2, alama ce mai shi bai ji kunyar kayansa ba. Ya ɗaga shi sama ya kalli rana, sabuwar roba launinta ɗaya ne, ta tarkace takan nuna ɗigo-ɗigo da zane. Ya ɗan lanƙwasa bakin bokitin, in wurin ya yi fari nan take ko ya ji ƙara, ya ajiye. Don abinci da ruwan sha, fara ko mai haske ta fi. Baƙa mai wari kuwa a bar wa shara da kwaɓin siminti.